Na Ci Kujerar Mijinta, Na Rasa Ƙawata

Anti Marjorie,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a ƙauyenmu, don abin da ka faɗa da safe, kafin shayin yamma ya zagaye layin gidan waya.

Shekarata sittin da huɗu, na yi ritaya daga dafa abinci a makarantar firamare. Ina da ƙawa, Glenys. Shekara talatin da ɗaya lambunan da muke haya a hannun majalisar ƙauye suna jere, nawa lamba sha biyu, nata lamba sha uku. Ita ta riƙe ni ranar da aka binne mahaifiyata. Mijinta Desmond ya yi shekara ashirin yana kansila, kuma lambunan nan a hannunsa suke. To, famfon da muke ban ruwa da shi ya mutu shekara biyu cur, muna jido da bokiti daga rafi, ni da wannan gwiwa tawa. Duk sanda na tare shi sai ya yi murmushi ya ce, "Ana kai, ƙawar matata, ƙara haƙuri." Ni kuwa a raina na gama yanke cewa malalaci ne kawai mai daɗin baki.

A watan Fabrairu ya rasu. Kin dai san yadda ake yi in kansila ya rasu: a manna sanarwa, in ba a samu mutum goma sun sa hannu suna neman zaɓe ba, sai sauran kansiloli su ɗauki wanda suka ga dama su zaunar. A layin gidan waya na ji wai Glenys za su zaunar. A bakin wata mata na ji, Anti, alhali ko kwana ɗaya ba a yi ba da na kai mata tukunyar miya muka zauna muka sha kuka tare. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Kafin rana ta faɗi na haɗa mutum goman nan, bayan kwana biyu na karɓo takardar tsayawa takara.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na je na buga takardun kamfe, na sa da manyan baƙaƙe: "Kujerar kansila ba gado ba ce. Shekara biyu babu ruwa ya isa haka." Da ƙafata na bi gida-gida ina zurawa ta ƙofa, har ƙofarta, mako bakwai da binne mijinta. Na ji faɗuwar takardar a ciki, na kuma ga labule ya motsa. Ban tsaya ba.

Na ci da ƙuri'a 187, ita 173. A zauren taro ta miƙo mini hannu ta ce, "Ina taya ki murna, Kansila." Wannan matar tunda muke ba ta taɓa kira na da wani suna ba sai Mai Ludayi.

Bayan mako guda na tarar da kwali a bakin ƙofata, takardun Desmond ne. A ciki akwai wasiƙa goma sha ɗaya da ya rubuta wa kamfanin ruwa a kan famfon nan. Ukun ƙarshe da rubutun hannun Glenys ne, kwanan watansu kuma lokacin da yake kwance a asibiti. A sama ta liƙa 'yar takarda: "Sun yarda, saura sa hannun majalisa. Na yi masa alkawarin zan ƙarasa. Tunda kin fi ni ƙuri'a, ki ƙarasa." Ashe abin da ya kai ta neman kujerar ke nan. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka har mijina Clive ya shigo. Shi ko tausayi babu, cewa ya yi, "Kujera kika nema, ga kujera, me ya kai ki zaman ƙasa?"

Tun daga nan Glenys ba ta sake taka lambu ba, ciyawa ta kai gwiwa. Dokarmu kuwa in mutum ya bar lambu wata uku ba gyara, a aika masa da gargaɗi, daga nan a ba wani. Jiya magatakarda ya ajiye takardar gargaɗinta a gabana, don yanzu lambunan a hannuna suke, ni zan sa hannu. Majalisa za ta zauna nan da mako biyu. Sau biyu ina zuwa bakin gidanta ina juyowa. Na yi tunanin in je in nome mata a ɓoye. Na yi tunanin in ajiye muƙamin su ba ta abinta. Kunya ta ishe ni, Anti. Ya zan yi?

Mai Ludayi

*

Mai Ludayi,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da abin da ba laifinki ba. Neman a yi zaɓe haƙƙinki ne, tsayawa takara ma haka. Shekara biyu kina jidon ruwa, kina da dalilin yin fushi. Glenys ma da ta gaya miki da kanta da ya fi, sai dai matar da ta binne miji jiya-jiya ba ta lissafin wa ta faɗa wa, wa ta manta.

Laifinki takardar nan ce. Kin zargi mamaci da lalaci ba ki bincika ba, kin kira matarsa mai kwaɗayin gado, kin kuma kai mata har gida. Wannan shi ne ciwon, ba ƙuri'a goma sha huɗun da kika fi ta ba.

Kada ki ajiye muƙamin. Mutum 187 suka ba ki amana, ba taki ba ce da za ki yi kyauta da ita, kuma mace irin wadda kika kwatanta ba za ta karɓi kujerar da aka miƙo mata don tausayi ba. Noman ɓoye ma ki bar shi, za ta gane hannunki, ta ga kin sake yanke mata abu ba ki tambaye ta ba.

Takardar gargaɗi kuwa, kada ki sa hannu, kada kuma ki ɓoye ta. Ki gaya wa magatakarda da shugaban majalisa a fili cewa maƙwabciyarki ce kuma ƙawarki, don haka ki cire hannunki daga hukuncin, su duba ko za a ɗaga mata ƙafa saboda rasuwar da aka yi mata. Da wuya majalisar da Desmond ya yi wa shekara ashirin ta ƙi.

A zaman nan kuma ki miƙe ki karanta kwanan watan wasiƙun goma sha ɗaya, ki nemi a rubuta a littafin majalisa cewa aikinsa ne, ki ce kin yi kuskure. A bainar jama'a kika ɓata shi, a bainar jama'a za ki wanke shi. Sannan ki bi maganar famfon har ruwa ya zo.

Amma kafin duk wannan, gobe ki je gidanta. Ki ba ta haƙuri, kada ki haɗa da "ai ke ma". Wataƙila ta rufe ƙofa, wataƙila ta daɗe tana ce miki Kansila. Ki jure, ba ki da ikon sa mata ranar hucewa. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki rubuta komai. Ƙofar nan ta riga ta karɓi takarda daga hannunki sau ɗaya. Wannan karon ki ƙwanƙwasa, ki tsaya har a buɗe.

Allah ya sanyaya zuciyar Glenys, ya ji ƙan Desmond, ke kuma ya ba ki ƙarfin gwiwar tsayawa a bakin ƙofar.

Anti Marjorie