Barkar da Kuka Aiko Wayar Marigayiya

Zuwa ga Manajan Kamfanin Wuta, shiyyar Funtua,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Yallaɓai na cikin ƙoshin lafiya, na rubuto ne in yaba wa mai basirar da ya ƙirƙiro saƙon nan na wata-wata, wanda ke gwada wutar da gida ya sha da ta maƙwabtansa. Na tsufa ina awon masara a kasuwa, ban taɓa ganin tiyar da ta kai taku sauƙin kai ba. Ita ba ruwanta da abin da ke cikin buhu.

Na ɗaya. Bara kusan duk wata sai kun aiko wa matata, Hajiya Rabi, cewa gidanmu ya fi kowa shan wuta a layinmu, tunda da lambarta aka ɗaura mitar. Gaskiya ne. Firizarta ce kaɗai a layin. Naman layyar Malam Sani a ciki yake, allurar ciwon sugan Maman Ngozi a ciki take, ƙanƙarar buɗa-baki da azumi kuwa har daga bayan layi ake aiko kwano. Maƙwabtan da kuka ce sun fi mu tattali, a gidanmu suke shan tasu wutar.

Na biyu. Hajiya mace ce mai kunya. Ta ɗauki saƙonku kamar an tsayar da ita gaban jama'a. Ta ƙi kashe firizar mutane, sai ta riƙa kashe fankar ɗakinta, a tsakiyar bazara, tana kwance ba lafiya. In na kunna, ta lallaɓa ta kashe. Ban ce ku kuka kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma cikin gumi ta yi jinyarta.

Na uku. Bayan sadakar arba'in kowa ya kwashe kayansa, na cire firizar. Ƙwai ɗaya nake kunnawa. Shekaranjiya wayarta ta yi ƙara: wai barka, gidanmu ya zo na ɗaya a tattalin wuta, maƙwabta su yi koyi da mu. Har da ɗan hoton fuska mai murmushi.

Roƙona biyu ne. Ku cire lambarta daga wannan gasa. Kuma kafin ku kunyata gida ko ku yaba masa, ku aiko mutum ya yi sallama a ƙofa.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai girma, ya bar shi da iyalinsa, ya sa gidansa ya daɗe yana shan wuta.

Wassalam. Naka, mai awo a kasuwar hatsi, Funtua.

Af, na manta. Maƙwabtan nan da kuke so su kamo ni, wa za su binne?