Ranar da Aka Kai 'Yata Juji

Zuwa ga yayata Tabita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon ƙugun nan, ya tsare ku a can Fatakwal. Mu ma a nan Dutsin-Ma lafiya lau. Maigidana Audi na nan yana fama, kullum safiya ya hau babur zuwa makarantar da yake koyarwa a Kurfi, la'asar ya dawo da yunwa kamar wanda ya wuni noma. Damina ta yi kyau, geron Baba a ƙauye har ya fara fitar da kai.

Yaya, na san kin yi fushi da ni, kuma kina da gaskiya. A ce ƙanwarki ta yi ciki har ta haihu, sai a bakin wasu za ki ji! Na sha ɗaukar waya in kira ki, sai in ji in na buɗe baki kuka zai riga ni, shi ya sa na zauna na rubuta. Ke kika riƙe ni ranar da muka binne na fari, wanda bai ko yi kuka ba. Ke kuma kika taso tun daga can da na biyu ya tafi kafin mu yi arba'in. Tun daga nan tsoro ya samu wurin zama a ƙirjina. Da na gane ina da ciki na uku, ko murmushi ban yi ba. Na riƙa yafa babban mayafi ina ɓoyewa. Ni da nake ɗinka wa jariran unguwa riguna, ko hula ban yanka wa nawa ba. A majami'a ana waƙa ina motsa baki, amma zuciyata tana can makabarta. Kuma na san a bayan idona mai wabi ake ce mini.

Allah ya sauke ni lafiya a asibiti, na samu mace, mai yawan gashi irin na Inna. Kafin ranar suna sai idanunta suka yi rawaya. Muka koma, suka ce shawara ce, suka kwantar da ita a ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Na ce a raina shi ke nan, wannan ma baƙuwa ce. Ta warke aka sallame mu, amma ni ban warke ba. Audi ya tambaye ni sunan da nake so, na ce ya bari tukuna, har aka ɗaga sunan.

Ana cikin haka Gwaggo Uwa, ƙanwar mahaifin Audi, ta sauka daga Barkiya da geron kunu da ganyen wankan jego. Kin dai san ta. Ta karɓi Yesu tun ba a haife mu ba, ba ta fashin sujada, amma in ta ce abu kaza iyaye suka yi, to sai dai ki gaji ki bari. Tana ganin yarinyar ta ce a yi abin da aka gada: a kai ta juji a ajiye, a faɗa da ƙarfi cewa ba a son ta, wata ta zo ta tsince ta, a sa mata suna Ajuji. Wai in mutuwa ta zo ta tarar abin yarwa ne, sai ta wuce. Audi ya ce a gidansa ba za a yi wannan ba. To amma Audi a Kurfi yake wuni, Gwaggo kuwa tana zaune kusa da kunnena. Yaya, ni da nake jagorar addu'a a zumuntar mata, ni na ce mata to.

Maƙwabciyata Hawwa'u muka roƙa ta zama mai tsintar. Ta riƙe haɓa ta ce ko a wurinsu malamai sun hana irin wannan, rai na Allah ne, amma za ta tsaya don kada yarinya ta daɗe a ƙasa. Da hantsi muka zaga bayan gida. Ga toka, ga ledoji, ga ɓawon rake, ga akuyoyi suna tono. Gwaggo ta kore su, ta shimfiɗa wani tsumma ta kwantar da 'yata. Sannan ta juyo ta ce ni uwar ce zan faɗa da bakina cewa ba na so, na yar, in ba haka ba abin ba zai kama ba.

Na dubi inda aka kwantar da ita. Yarinyar tana can a ƙasa tana tsotsar hannunta, ƙuda ya sauka a goshinta. Sai na ji kunya ta rufe ni. Gwiwoyina sun yi kanta wajen roƙon Allah ya ba ni wannan yarinya, yanzu kuma in tsaya a gabansa in ce ba na so? Wa zan ruɗa? Na tuna sau biyu na tsaya a bakin kabari ina cewa ba zan sake tashi ba, kuma sau biyu ya tashe ni. Ya ba ni miji da bai taɓa goranta mini ba, ya ba ni ke. A ranakun da abin da nake tsoro ya faru ma bai sake ni ba, balle yau. Ban san lokacin da na sure ta ba. Na ɗaga murya har mata suka leƙo ta katanga, na ce ina son ta, tawa ce, Allah ne ya ba ni, kuma ko kwana ɗaya ya yanka mata za ta yi shi tana 'yar so a ƙirjin uwarta.

Na ɗauka Gwaggo za ta hau ni da faɗa. Ina! Zama ta yi a kan wani fasasshen turmi tana share hawaye da bakin zane. Ta ce nata biyu ta kai juji, ɗaya ya rayu, ɗaya bai rayu ba, kuma ta daɗe da sanin juji ba ya riƙe kowa. Jin labarin rawayar idanun yarinyar ne ya tayar mata da nata tsoron, ta rasa abin da za ta ba ni in ba wannan ba. Hawwa'u ta ce to don Allah mu bar wa akuyoyi wurinsu, in kuka ne a yi shi a ɗaki. A ɗakin muka durƙusa ni da Gwaggo, ita ta yi addu'ar, rabi magana rabi kuka. Da Audi ya dawo ya ji labari, sai ya ce a dai wanke masa 'yarsa da kyau.

Ba zan ce miki tsoron ya tafi duka ba. Har yanzu in ta yi barci mai nauyi nakan kai yatsa hancinta. Amma yanzu in ya taso ba na ɓoye shi, sai in gaya wa Ubangiji ga shi nan ya dawo, in ɗauki 'yata in ba ta nono. Ta wuce kwanakin da wanta ya yi a duniya, ta yi ƙiba, har ta fara yi wa babanta dariya. Ban san abin da gobe za ta zo da shi ba, na dai san wanda bai taɓa yashe ni ba, kuma godiyata gare shi ba ta da iyaka.

Ki gaishe mini da maigida Yakubu, da Na'omi da Sila, ki ce musu sun yi ƙanwa. Baba da Inna suna gaishe ku. Audi, da Gwaggo Uwa, da Hawwa'u duk suna miƙo gaisuwa. An yi suna ranar Lahadin da ta wuce, Gwaggo ce ta miƙa ta ga fasto da hannunta, ni kuma na faɗi sunan. Ki gaya wa duk wanda ya tambaya, kada ki rage murya. Sunanta Ƙauna.

Ni ce ƙanwarki,
Briskila, Maman Ƙauna