Kofin da Takwararki Ta Miƙo Mini

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ƙara na kawo miki. Ni ne mai ƙarar, ni ne kuma wanda ake ƙara.

Kin tuna ranar da zan bar Maraɗi? Kin riƙe hannun rigata a bakin tasha, kika ce in yi miki alkawari giya ba za ta ratsa maƙogwarona ba. Na ce ƙasa mai tsarki za ni, ina giya a can? Kika ce, "Shaiɗan ma yana da fasfo." Shekara talatin da ɗoriya ina tuƙi a Riyad ban karya ba, kodayake ba zan yi fariya ba, babu wanda ya taɓa miƙo mini.

Sai ranar Asabar da ta wuce.

Jikarki da na sa wa sunanki, muke ce mata Ummi, tana aiki a wani gidan gahawa a unguwar Ulaya. Ba ki riske ta ba. Larabcinta ya fi Hausarta gudu, amma hararar taki ce sak. Na biya in ɗauko ta bayan la'asar, ta zaunar da ni, ta ajiye mini dogon kofi. Abin ciki ruwan gwaiduwa ne, kumfa ta yi masa rawani. Na tambayi sunansa, ta ce bira ce, wato giyar sha'ir, an tsamama ta da gangan, an zuba mangwaro da madara don ta yi ɗanɗanon kek. Na janye hannu. Ta ce, "Baba, wallahi bidun kuhul, ba barasa ko ɗigo. Jarrib, ɗanɗana kawai!"

Ke fa in kunun zaƙinki ya kwana ya yi kumfa, a gindin darbejiya kike malalar da shi, ki ce rabon ƙasa ne. Ga shi nan mutane sun zauna sun ƙirƙiri tsamin da hannunsu, har da sa masa ado. Abin ya ɗaure mini kai. To amma ta yaya zan mayar da hannun mai sunanki? Ko sunan nata ban iya kama shi da bakina ba, balle in ce mata a'a a gaban abokan aikinta.

Na yi bisimilla na kurɓa.

Inna, da farko tsami ne ya mare ni, irin na tsamiyar da ba ta gama nuna ba. Kafin in yamutsa fuska sai zaƙi ya biyo da ban haƙuri, mangwaro a gaba, ƙamshin alkaki a baya. Yana da ɗan kauri kamar farau-farau da kindirmo, yana kuma tsikarin harshe kamar cinnaku sun yi taro. Can ƙasa akwai ɗan ɗaci mai kunya, bai fito fili ba. Ina ta bin sawunsa, kurɓi bayan kurɓi, har na ga gindin kofi.

Sai na zauna jiran maye. Matsalar ita ce ban san kamarsa ba. Na lissafa kakanninmu har bakwai, ban ɓata ba. Na tashi na bi layin tayil, ban kauce ba. Duk da haka na ƙi taɓa sitiyari. Na bar motar a Ulaya, muka shiga tasi zuwa gida Utaiƙa, tsohon direba a kujerar baya, Ummi tana dariya har da hawaye.

Washegari na tare limaminmu, mutumin Damagaram ne. Ya ce, "Alhaji, in ka sha tulu guda bai bugar ba, ai kunu ne da ya yi boko." Hankalina ya kwanta ta wajen shari'a. Ta wajenki ne bai kwanta ba, don ke ba maye kika hana ni ba, giya kika ce, wannan kuwa sunan gidansu ɗaya.

Saura abu guda, gara ki ji daga bakina. Ranar Litinin na koma ɗauko mota, Ummi ba ta wurin aiki. Kofin farko don takwararki na sha. Na biyun, Inna, ni na nema da kaina.

In na karya, ki yafe mini kamar yadda kika saba. Allah ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna, ya haɗa mu a can in ji hukuncinki.

Ɗanki mai furfura,
Idi