Geron da na aiko miki

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki, ya sanyin Kanada? Na rubuto miki a nan inda kowa zai gani ne saboda kin daina buɗe saƙona, amma na san kina leƙo shafin nan.

Yau kwana goma sha ɗaya ba ki turo min tsuntsayenki ba.

Tun da jaririnki ya koma, kwana uku da haihuwa, ba ki ƙara ɗaga wayata ba. Sai dai kullum ina tashi daga aiki bidiyo ya shigo: ɗan lambunku fari fat da dusar ƙanƙara, faranti a kan katanga, tsuntsaye suna sauka. Ba kya cewa uffan a ciki. A motar ma'aikatan asibitinmu nake kallo, muna tsaye a cunkoson unguwar Al Nahda a nan ƙasar Larabawa, in maimaita sau biyar. Har na san su. Akwai jan nan mai tukku, mugu, da ke korar kowa, da ƙananan masu baƙin kai da ke ɗaukar ƙwaya ɗaya su gudu. Ni dai hannunki nake jira ya shigo zuba musu, in ga ko kin ƙara ramewa.

Ran nan na ƙura ido na gane abin da ke cikin farantin. Gerona ne! Geron da na sa aka kawo daga Kano, na je har unguwar Al Buteen na karɓo, na wanke, na shanya a baranda, na roƙi mai tafiya ya kai miki don kunun kanwa. Tunda biza ta hana ni zuwa in yi miki wankan jego, na ce ko kununa ya isa gare ki. Raina ya ɓaci, kin kuwa san halina. Na danna waya na zazzaga miki faɗa: jego jego ne ko babu ɗa, ke ba yarinya ba ce, ki yi haƙuri mana kamar kowa. Minti huɗu ina magana. Washegari babu bidiyo.

Wallahi Ummi na kasa zama wuri ɗaya. Ina ta duba waya a wurin aiki, har abokiyar aikina ta ce khalas ya Hajiya, ya isa haka, ajiye ta. Ranar hutu na tafi bakin ruwa a unguwar Port Saeed, inda fararen tsuntsayen teku ke cika lokacin sanyi. An ce daga ƙasashen ƙanƙara suke gudowa. Na jefa musu burodi, suka yi caa a kaina, ko minti goma ban yi ba na juyo. Na ajiye faranti a baranda, kurciya biyu kacal suka zo, suka ɓata min shanya. Da na gaji na kira mijinki. Ya ce kina nan, amma kin shigo da farantin, kuma sai azahar kike fitowa daga ɗaki. Ashe abu ɗayan da ke tashinki daga gado, ni na kashe shi da bakina.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Kowa ya ɗauka ke ce 'yar farina. Akwai wani kafin ke, namiji, bai kai ranar suna ba. Kakarki ta dama min kunun nan ta tsaya a kaina sai na shanye, tana cewa haƙuri, wani na nan tafe. Na shanye, kuma na fi shekara ina jin haushinta. Sai ga shi na buɗe baki muryarta ce ta fito.

Ki yafe min, 'yata. Ki mayar da farantin waje, ki zuba musu duka idan kina so. Ba sai kin yi min magana ba. Ki kira kawai, ki jingina wayar a taga, mu kalle su tare. Ni ma ban taɓa samun wanda zan zauna da shi in yi nawa kukan ba.

Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya mayar miki da ƙarfin jikinki, Ya haɗa ɗanki da kawunsa a Aljanna. Amin.

Taki,
Mama