Wadda Ba Ta Kuka

Zuwa ga Innata, da ke kwance a maƙabartar Karofane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina sanar da ke na sauka lafiya, wata huɗu ke nan, kuma biyu Allah ya ba ni, Hassana da Husaina. Ni ɗin da kike cewa ko tukunya ɗaya ba na iya tsarewa a murhu.

Da kina raye, gida zan zo wanka. Da babu ke, sai na zauna ɗakina. Ƙannenki sun yi ƙoƙari, ruwan zafi da kunun kanwa ba su yanke ba. Ƙawayena na lakwal, waɗanda muka yi boko tare, suka cika ni da atamfa da shawara. Sai dai dukkansu ɗai-ɗai suka haifa, abu guda suka sani: wadda ta yi kuka a ba ta nono.

Haka na yi. Hassana sarkin tsiwa ita ke shanyewa. Husaina ba ta kuka, har ana yabon haƙurinta. Ranar awo a likita aka ce ba ta ƙaru ba, raguwa ma ta yi. Inna, na ji tsoron da ban taɓa ji ba, har haushinki na ji da kika tafi.

Kin tuna Dije mai nono, Bafillatanar da kuke faɗa kullum wai ludayinta ba ya cika? Ashe ita ma 'yan biyu ta taɓa haifa a ruga. Ta sauke ƙwaryarta, ta zauna tana kallon yadda nake shayarwa, sannan ta ce: "Mai shirun za ki fara tayarwa ki ba, ba ta da ƙarfin roƙo ne." Ta nuna mini yadda ake ɗora su tare da matashin kai a cinya. Tun ranar kullum sai ta biyo kafin ta shiga kasuwa.

Jiya aka sake awo. Husaina ta kusa kamo yayarta, ta ma koyi ihu. Hankalina ya kwanta, Inna. Da na gaya wa Dije, ta karɓi Husaina, ta daɗe tana kallonta. Ta ce tata Husainar ma ba ta kuka, kuma ita ba ta samu mai faɗa mata ba sai bayan an binne ta.

Allah ya haskaka kabarinki, ya jiƙan waccan yarinya, ya bar mini Dije.

'Yarki mai kewarki,
Rabi