Inna, dalar Masar da dutse aka gina ta

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Watan jiya na raka maigidana Malam zuwa Alƙahira a duba masa ido. Da aka sallame mu, ya ce mu je mu ga dala. Na je, na kuma sa hannu na taɓa.

Inna, dutse ne.

Na tuna ki a ɗakinmu na unguwar Nakkasa, mata sun kewaye ki da allunansu. In an zo ayar da Fir'auna ya umarci Hamana ya gasa masa laka ya yi dogon gini, sai ki ce, "To ita ce dalar nan ta Masar, tubali ne gasasshe." Haka na ji, haka nake faɗa wa matan tun da ajin ya dawo hannuna a unguwar Mansur.

Abin da na gani farin dutse ne, wani guda ya kai mini ƙirji. An nuna mana inda aka sassaro shi, nan kusa, da kurfi na tagulla. Mai santsin da aka lulluɓe ginin da shi daga ƙetaren Nilu aka kawo a jirgin ruwa. Jan dutse mai tauri na ɗakin gawar sarki kuma daga can kudu, ta kogi. Sai magina su ɗora dutse kan katako, su jiƙa rairayin gabansa, su ja da igiya. Masana sun ce gangare ake tarawa na ƙasa da tsakuwa a hau da shi, amma sun saɓa a kan siffarsa. Har kaburburan maginan suna nan gefe.

Na tambaya ko akwai ta tubali. Akwai, ta wasu sarakunan baya, sai dai ɗanye ne, rana ta busar. Na so in samo miki fiye da haka, ban samu ba.

Ayar gaskiya ce. Amma ba ta ambaci dala ba, mu muka haɗa su. Na daɗe ina juyayi: in yi shiru in bar ƙari a gefen aya, ko in gyara maganarki a gaban waɗanda suka yi miki wanka.

Na faɗa musu. Aminiyarki Baba Kulu ta ja mayafi ta miƙe, ta ce, "Rabi ba ta taɓa ƙarya ba." Daga ranar ba ta sake zuwa ba, matan da suke tahowa tare ma suka ɗauke ƙafa.

Jiya na bi ta har gidanta a unguwar Aziziyya. Ta bar ni a tsaye sai da ta gama jan carbinta, sannan ta zuba mini shayi. Na ce mata ke Inna ji kika yi kika faɗa, ni kuma gani na yi. Ta ce, "Ke ki koyar da dutsenki, yarinya. Ni ta uwarki na riƙe. Alhamis ki ajiye mini wurina kusa da ƙofa."

Ban yi mata musu ba. Ke ma, Innata, ki yi haƙuri da ni.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki ladan kowane harafi da kika koyar.

Ɗiyarki,
Hauwa'u