Hanyar da Tururuwanka Suka Manta

Gidan Na Allah, ƙasar Mayahi
Bazarar 2010

Zuwa ga maigidana, inuwar gawona a tsakiyar bazara, ruwan randata mai sanyi, hadarin gabas da nake ɗaga kai ina nema kullum safiya. Manzo. Ka ga na rubuta shi. Bakina bai taɓa kiran sunan nan ba tun ranar da aka kawo ni ɗakinka, amma alƙalami ba shi da kunya, kuma sunanka na fara roƙon malamar yaƙi da jahilci ta koya mini, kafin ma nawa. Ina gaishe ka irin gaisuwar da busasshiyar gona ke yi wa ruwan farko. Ina aiki, ina zafin Maradi?

Da hannuna nake rubuta wannan, ban sa kowa ba. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, yatsun sun fi sabawa da taɓarya.

Ka tuna da ka zo babbar sallah, muka zauna a bayan rumbu, rumbun da bana ko rabi bai kai ba? Ka tsuguna kana kallon layin tururuwa, ka ce in matso. Ka ce kowace ɗaya tana barin ƙamshi a inda ta taka. Hanyar da ta fi kusa ita aka fi bi, sai ƙamshinta ya yi ƙarfi, wadda aka daina bi kuwa nata ya gushe har a manta an taɓa binta. Ka ce a biron furojenku, ofishin aikin agajin nan, ka zuba wa ordinatar, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, tururuwa dubu marasa ƙafa, suna ta zagaya garuruwan Mayahi da Tasawa a cikinta, har su gano hanyar da kamiyo, babbar motar hatsin taimako, zai bi ya kai wa mutane da yawa da mai kaɗan. Ka goga yatsa a kan layin, suka ruɗe, ka yi dariya. Ni ma na yi, don kai kana yi. Ranar nan, hasken idona, da ka ce mini tururuwa na iya tuƙa mota, da na yarda.

Yau ban san abin da zan yarda da shi ba.

Ranar kasuwar garin Sarkin Hausa na bi amalanke na je. An manna takarda a bangon ɗakin ajiyar furojenku, ɗauke da sunayen garuruwan da kamiyo zai tsaya. Matan garinmu suna tsaye suna neman mai karanta musu, sai na ce su gusa, ni zan karanta. Wallahi har da alfahari na faɗa. Na bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, na koma sama, sau uku. Babu Gidan Na Allah. A can ƙasa kuma, kusa da hatimi, ga kalmar da na fi sani a duniya. Yayarka Kadijatu tana bayana, ta ce, "To, malama, karanto mana namu." Na ce rana ce ta shiga idona. Ta ce, "Ba rana ba ce, ƙanena ne."

Ya sanyin zuciyata, wa ya share mu? Na'ura ce, ko kai ne?

In na'ura ce, ina da tambaya gare ta. Hanyarmu rairayi ce, mota ba ta taɓa son ta ba, to ƙamshin me tururuwanka za su tarar a kanta? Kai da bakinka ka ce dole a bar wasu su kauce daga layi, in ba haka ba duk su maƙale a hanya ɗaya ko da wata ta fi ta. Ina wadda ta kauce ta zo wajenmu? Kuma wa ya gaya musu yawan bakin da ke garin nan? Mai ƙidayar da ya zo ya tsaya a ƙofar maigari ya ƙirga magidanta, alhali maza sun tafi cin rani, mu da yara ne a cikin gidaje.

In kuwa kai ne, ina jin na san dalili. Tun da sojoji suka karɓi mulki kowa a biro yake tsoron a kira shi a tambaye shi. Ka ji tsoro kada a ce Manzo ya karkatar da kamiyo zuwa ƙofar gidansa, sai ka cire garinku don sunanka ya fita fes. Haka ne? Wasiƙarka ta ƙarshe shafi biyu ce, duk wata da taurari da idanuna, babu kalma ɗaya a kan hatsi. Da can bakinka bai cika zaƙi haka ba. Ko ka manta matar da kake wa rubutu yanzu tana karanta abin da ke bango?

Bari in ba ka labarin tururuwa na gaske, masu ƙafa. Kwana tara ke nan muna fita da hauya muna tona gidajensu, muna kwashe 'ya'yan ciyawa da ƙwayar hatsin da suka tara, mu sheƙe ƙasar mu daka. Suna cizonmu har gwiwar hannu, kuma ban ga laifinsu ba. Sauran abincinmu anza ce, sai ta kwana uku a ruwa kafin ɗacinta ya fita. 'Yarmu Rakiya ba ta iya haɗiye ta. Gashinta ya fara ja, awarwaron da ka sayo mata yana zamewa har kafaɗa. In ta ji ƙarar babur sai ta ce baba, ta juya ga hanya, kuma ba ta da ƙarfin tashi.

Ba na roƙon ka sato mana buhu. Gida arba'in ne a nan, ba namu kaɗai ba. Ka sa a sake ƙidaya mu, ka ba tururuwanka gaskiya su sake zagayawa. In kuma hannunka ne, ka faɗa mini a fili. Tsoro zan iya yafe maka, ni ma ina da nawa. Abin da zai yi mini wuya shi ne zumar da aka zuba a kansa don kada in gani.

Za ka ji wani abu yana motsi a cikin ambulan ɗin nan. Ƙwayar hatsi ce daga rumbun tururuwa, na rage ta daga rabon yau. Ka ajiye ta kusa da na'urar.

Ni dai kowace safiya ina goya Rakiya in taka hanyar nan daga ƙofarmu har bakin babbar hanya, in dawo, don kada iska ta binne ta. Matan gari suna cewa na zautu. Su yi ta faɗa. Kai ka koya mini cewa hanyar da ake bi ba ta ɓacewa. Ko ka yi mini laifi ko ba ka yi ba, ranar da ka juyo, da kamiyo ko da ƙafa, za ka tarar da sawuna a kai.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a rufe ni da ƙasar nan,

Zara'u